Injin Wanke-wanke Ya Fara Yoyo: A Gyara Ko A Sake?

Duk na'urar da aikinta ya haɗa ta da ruwa, ko ba daɗe ko ba jima sai ta yi yoyo. Roba tana bushewa ta tsage, tiyo yana saki, ƙarfe yana tsatsa. Injin wanke kwanuka, wanda a Jamus da Faransa da Amurka ya zama kayan ɗakin girki na yau da kullum kamar firji, bai kuɓuta daga wannan ƙa'ida ba. Ranar da ruwa ya fara kwanciya a ƙarƙashinsa, mai gida yakan samu kansa gaban tambaya guda: a kira mai gyara, ko a fitar da shi a kawo sabo?

A ido, wannan lissafi ne na cikin gida, tsakanin mutum da aljihunsa. A ganina kuwa, an riga an rubuta rabin amsar tun kafin ɗigon farko ya sauka, a teburin masu zana injin da kuma zauren masu yin doka. Matsayina shi ne, injin da ya yi yoyo ya cancanci a duba shi a gyara, sai fa in an tabbatar da cewa gangar jikinsa ce ta lalace. Idan kuma gyaran ya zo da tsadar da ta sa mai hankali ya gwammace sabo, to akwai wanda ya kamata a tuhuma, kuma ba mai gidan ba ne.

Daga ina ruwan yake fitowa?

Kafin a yi gardama kan kuɗi, ya kamata a san abin da ake magana a kansa. Injin wanke-wanke ba wata fasaha ce mai wuyar ganewa ba. Wata mata mazauniyar jihar Ilinoi ta Amurka mai suna Josephine Cochrane ce ta samu takardar mallakar ƙirƙirarsa a ƙarshen shekarar 1886, ta kuma baje shi a babban bikin baje kolin duniya na birnin Shikago a 1893. Dabararta ita ce a jera kwanuka cikin ragar waya a feshe su da ruwan zafi mai ƙarfi, maimakon a goge su da buroshi. Otal-otal da gidajen abinci ne suka fara saye. Yau, bayan fiye da shekara 130, tushen aikin bai canza ba: akwati ne mai ƙofa, da bawul ɗin da ke shigo da ruwa, da abin ɗumama shi, da famfon da ke tura shi cikin hannuwa masu juyawa, da wani famfon da ke fitar da ruwan datti ta tiyo.

Saboda haka wuraren da ruwa zai iya kufcewa ƙidayayyu ne. Na farko kuma mafi yawan faruwa shi ne robar bakin ƙofa, wadda maiƙo da guntun abinci ke taruwa a kanta, ko zafi ya busar da ita ta daina kamawa. Na biyu tiyo, ko na shigar ruwa ko na fitarsa, musamman a mahaɗa. Na uku robar da ke toshe bakin famfo. Na huɗu hannun feshi da ya tsage, yana watsa ruwa kai tsaye a gindin ƙofa. Akwai kuma yoyon da ba lalacewa ce ta kawo shi ba: matata ta toshe ruwa ya taru ya malalo, ko injin bai zauna daidai a ƙasa ba ya karkata, ko wani ya zuba masa sabulun wanke hannu maimakon nasa, kumfa ta cika shi ta fito ta ƙofa.

Yawancin injinan zamani suna da faranti a ƙasansu, da wani ɗan abu mara nauyi da ke tasowa idan ruwa ya taru a ciki, ya taɓa makunni ya tsayar da aiki. A injinan kamfanin Bosch, alal misali, lambar E15 ce ke bayyana a fuskar injin idan haka ta faru. Mutane da yawa suna ganin wannan lamba su ɗauka injin ya mutu, alhali kuwa kariyarsa ce ta yi aiki. Abin da yake faɗa kawai shi ne ruwa ya sauka inda bai kamata ba, a nemo mafitarsa.

In aka duba wannan jerin da kyau, za a ga mafi yawansa roba ce da tiyo da tsabta. Lalacewar da ke kashe injin da gaske ita ce tsagewar gangar jiki, ko tsatsar da ta huda ta, ko ruwa ya daɗe yana zuba har ya cinye wayoyi da allon lantarki gaba ɗaya. Waɗannan suna faruwa, amma su ne 'yan tsiraru.

Ƙa'idar rabin kuɗi

Shawarar da aka saba ba masu saye a Amurka ita ce: idan kuɗin gyara ya haura rabin kuɗin sabo, a sayi sabo, musamman in injin ya doshi shekara 10, wadda ita ake ɗauka a matsayin matsakaicin ransa. Shawara ce mai sauƙin riƙewa, kuma a wurin mutumin da ke tsaye cikin ruwa a ɗakin girkinsa tana da ma'ana. Matsalarta ita ce tana ɗaukar farashin gyara tamkar ruwan sama, abin da ya sauko haka nan ba da hannun kowa ba.

Mu ƙaddara injin da aka saya Yuro 500 ya fara yoyo a shekararsa ta shida, kuma robar famfo ce ta saki. Ita robar, da za a same ta ita kaɗai, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Amma idan kamfanin ya haɗe famfo da abin ɗumama ruwa ya mai da su dunƙule guda, kamar yadda wasu ke yi, dole a sayi dunƙulen gaba ɗaya. Idan kuma sai an kifar da injin an kwance rabinsa kafin a kai ga wurin, aikin minti 20 ya koma na awa biyu. A ƙara da kuɗin zuwan mai gyara, wanda ake biya ko ya gyara ko bai gyara ba, da mako biyu ko uku na jiran kaya. Kafin a ankara lissafi ya haura rabin, ƙa'ida ta ce a sake, injin da ƙarfensa da motarsa ke da sauran shekaru ya tafi bola saboda guntuwar roba.

Kowane ɗaya daga cikin abubuwan da suka kumbura wannan lissafi zaɓi ne da wani ya yi. Wani ne ya zaɓi a haɗe famfo da abin ɗumama ruwa. Wani ne ya zaɓi a manne abin da za a iya ɗaurewa da noti. Wani ne ya sa farashin kayan gyara, ya kuma yanke wa zai sayar wa. A ɗaya ɓangaren, sabon injin yana fitowa daga masana'antar da na'urori ke haɗa dubbai a rana, shi kuwa mai gyara mutum ne guda mai mota da haraji da iyali. Kasuwa ta arahantar da ƙira ta tsadantar da gyara, sannan ta juyo ta ce wa mai gida zaɓi nasa ne.

Tun ran gini, ran zane

Zargin cewa kamfanoni na taƙaita ran kayansu da gangan yana da tarihi. A watan Disamba na 1924, manyan masu ƙera ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Janiba suka kafa ƙungiyar da aka sani da Phoebus. Suka amince cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, alhali kafin nan ana yin masu kaiwa awa 1,500 zuwa 2,000. Har tara suke cin duk kamfanin da ƙwansa ya yi tsawon rai fiye da kima.

Ba na cewa masu ƙera injin wanke-wanke na yau suna irin wannan taro a ɓoye. Ba sa ma bukatar yin sa. Ya isa a ce mai saye yana kallon farashin ranar saye ne kawai, ba ya iya ganin ko za a samu robar ƙofa bayan shekara takwas. Kamfanin da ya kashe kuɗi ya yi injin mai sauƙin kwancewa, a kanti zai tsaya kusa da wanda bai yi ba, kamanninsu ɗaya, nasa ya fi tsada. Gasa ita kanta tana hukunta mai yin abu mai ƙarko. Bahaushe ya ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A nan kuwa mai sayen bai san rariya aka miƙa masa ba, domin ramukan suna ɓoye a ciki, sai garanti ya ƙare suke bayyana.

Kamfanoni sukan kare kansu da batun haɗari: ruwa da wutar lantarki sun haɗu a wuri guda, bai kamata kowa ya sa hannu ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake faɗa ba. A watan Mayu na 2021 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta miƙa wa majalisar dokokin ƙasar rahoto kan shingayen da ake sa wa gyara, inda ta ce hujjojin da ke goyon bayan dalilan kamfanonin ƙalilan ne. Canza robar ƙofa bayan an zare wuta an rufe ruwa bai fi canza robar tukunyar matsi haɗari ba.

Abin da doka ta iya canzawa

Babbar shaidar cewa tsadar gyara aikin hannun mutane ce ita ce yadda doka ta fara sauya ta. Daga 1 ga Maris 2021, duk kamfanin da ke sayar da injin wanke-wanke a Tarayyar Turai wajibi ne ya tanadi kayan gyaransa bayan ya daina fitar da samfurin. Mota da famfo da abin ɗumama ruwa da allon lantarki, a ajiye wa ƙwararrun masu gyara na aƙalla shekara 7. Robar ƙofa da sauran robobi, da maratayin ƙofa, da hannuwan feshi, da matata, da ragar jera kwanuka, a ajiye na shekara 10, kuma kowa yana iya saye. Dole a kai kayan cikin ranakun aiki 15, dole kuma a iya canza su da kayan aikin da ake samu a ko'ina, ba tare da an lalata injin ba. A lura da jeri na biyu: kusan duk abubuwan da ke kawo yoyo suna cikinsa. Birtaniya ta bi sahu da irin wannan doka a watan Yuli na shekarar.

Faransa ta ƙara gaba. Tun 2015 ta mai da taƙaita ran kaya da gangan laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara biyu da tarar Yuro 300,000. A farkon 2021 ta fito da makin sauƙin gyara, daga sifili zuwa 10, wanda ake liƙawa kusa da farashi a kanti, kuma a watan Nuwamba na 2022 aka shigar da injin wanke-wanke cikin kayan da dole su ɗauki makin. Wannan shi ne maganin matsalar rariyar da aka ambata: ramukan sun fito fili tun ranar saye. A ƙarshen 2022 ƙasar ta soma rage wa mutane kuɗin gyara kai tsaye a wurin masu gyaran da aka tantance, kuma daga Janairun 2024 rangwamen injin wanke-wanke ya koma Yuro 50. Suwidin ta bi ta hanyar haraji: tun 2017, wanda ya kira mai gyara gida don firji ko injin wanki ko na wanke-wanke ana rage masa rabin kuɗin aikin. A Amurka, jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta fara aiki a Yulin 2024, mai tilasta tanadar kayan gyara da bayanan gyara na shekara 7 ga na'urar da kuɗinta ya kai Dala 100.

A 2024 Tarayyar Turai ta sake zartar da wata doka kan 'yancin gyara, ta ba ƙasashenta wa'adin ƙarshen Yulin 2026 su shigar da ita cikin dokokinsu. Ta wajabta wa kamfani ya gyara irin waɗannan na'urori a farashi mai ma'ana ko da garanti ya ƙare, ta kuma ƙara wa wanda ya zaɓi gyara a cikin garanti wata 12.

Dokokin nan ba su cika ba. Babu inda aka ƙayyade farashin kayan gyara da adadi, kuma kamfani na iya cika sharaɗin tanadi sannan ya sa kuɗin da zai kori mai saye. Raba kayan gida biyu, wasu na ƙwararru kaɗai, ya bar mai ƙaramin shago da mai gyaran kansa a waje. Duk da haka sun tabbatar da abu ɗaya: lissafin da ake ce wa mai gida ba ya canzawa, ga shi alƙalami ya canza shi.

Hujjar masu cewa a sake

Akwai hujja mai ƙarfi a wancan ɓangaren, kuma adalci ne a saurare ta. Mafi yawan wutar da injin wanke-wanke ke ci tana tafiya ne wajen ɗumama ruwa, don haka injin da ke shan ruwa kaɗan yana cin wuta kaɗan. Na zamani kan wanke cikakken lodi da lita 10 ko ƙasa da haka. Wani bincike da Farfesa Rainer Stamminger ya jagoranta a Jami'ar Bon ta Jamus ya nuna cewa mutanen da aka gwada daga ƙasashen Turai sun kashe fiye da lita 100 a matsakaici wajen wanke irin wannan lodi da hannu. Injin da ya shekara 20 yana tsakanin waɗannan biyun ne, kuma riƙe shi na iya zama asara ga aljihu da muhalli baki ɗaya. Wanda ya sake irin wannan bai yi laifi ba.

Sai dai hujjar ba ta hau kan injin shekara shida ko takwas. Babban ci gaban tsimin ruwa da wuta an riga an same shi kafin a ƙera shi, kuma ratar da ke tsakaninsa da na bana ba ta kai ta biya ƙarfe da roba da jan ƙarfe da jigilar da sabon zai ci ba.

Hujja ta biyu ita ce tsoron ɓarna. Ruwan da ke tsiyaya a ɓoye yana kumbura katakon ƙasa, ya ruɓar da kabad, a gidan bene ya sauka kan maƙwabcin ƙasa, asarar ta ninka kuɗin injin sau da yawa. Wannan gaskiya ne, amma abin da take koyarwa shi ne gaggawa: a rufe ruwa, a zare wuta, a jawo injin a ga inda yake zuba, yau ba gobe ba. Sabon injin da aka ɗaura wa tiyo da sakaci shi ma zai jiƙa katakon nan. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukunci kafin a duba, a ga ruwa a buɗe shafin kanti.

Inda tsofaffin suke ƙarewa

Mai karatu a Kano ko Maraɗi na iya cewa wannan damuwar masu wadata ce, domin injin da ke bukatar wuta tsayayya da ruwan famfo mai ƙarfi baƙo ne a yawancin gidajenmu. Haka ne. Amma ƙa'idar rabin kuɗi ba a kansa kaɗai ake aiki da ita ba. Da ita ake yanke wa firji da injin wanki da talabijin hukunci, kuma wani kaso na abin da aka yanke wa hukuncin yana biyo teku ya iso gare mu.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin 100 kacal aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, kusan kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Tarayyar Turai, da yawa cushe cikin tsofaffin motoci, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Su ne kayan da muke kira 'yan Beljiyam, waɗanda ke cika kasuwar Alaba kafin su watsu zuwa Arewa. Masu rai a cikinsu suna amfanar gidajen da ba za su iya sayen sabo ba. Matattun kuwa suna faɗawa hannun 'yan bola-jari, a fasa a ƙona wayoyi don a ciro jan ƙarfe, yara su shaƙi hayaƙin, kamar yadda duniya ta gani shekara da shekaru a Agbogbloshie na birnin Akara kafin a rushe wurin a 2021.

Akwai abin lura a nan. Abin da Turai ke kashe kuɗi tana neman farfaɗowa, mu muna da shi a kowace unguwa. Sai a 2009 wata 'yar jarida mai suna Martine Postma ta buɗe zauren gyara na farko a Amsterdam, inda masu sa kai ke taimaka wa maƙwabta su gyara kayansu, har abin ya bazu ƙasashe da dama. Mu kuwa mai gyaran firji da mai naɗin mota da mai gyaran rediyo ba su taɓa ɓacewa ba. Abin da ba su da shi shi ne abin da dokar Turai ta tanadar: kayan gyara na asali, da takardar da ke bayyana yadda aka haɗa na'urar, da wa'adin da kamfani zai amsa. Yayin da na'urori ke ƙara komawa allon lantarki da dunƙulallun sassa, hannun da ya ƙware a naɗa waya zai wayi gari ba shi da abin kamawa. Hukumomin da ke ba da izinin shigo da sababbin na'urori ƙasashenmu suna da ikon tambayar mai shigowa shekara nawa zai tanadi kayan gyaransu. Kamfanonin da ke cika wannan sharaɗi a Faris da Balin ba su da hujjar cewa ba zai yiwu a Legas ko Yamai ba.

Ga wanda injinsa ke yoyo a yau, tsarin a bayyane yake. Ya tsayar da ruwa da wuta. Ya wanke matata, ya goge robar ƙofa, ya duba tiyo da mahaɗansa, ya tabbatar injin ya zauna daidai. In abin ya fi ƙarfinsa ya biya a duba masa, ya nemi a faɗa masa sunan abin da ya lalace da kuɗinsa shi kaɗai. Idan ganga ce ta tsage, ko injin ya haura shekara 15 yana ta kawo matsala ɗaya bayan ɗaya, ya sake shi da kwanciyar hankali, ya miƙa tsohon inda ake sarrafa shi. Ranar sayen sabon kuma, kafin ya tambayi launi da yawan maɓallai, ya fara tambayar nawa ake sayar da robar ƙofarsa, kuma har zuwa wace shekara za a same ta.